Shekara Nawa Ƙungiyar Kiɗa Kan Yi Tana Kan Ganiyarta?

A shekarar 1955, Bernard Fagg, wani Baturen Ingila mai aikin binciken kayan tarihi a Nijeriya, ya je Birnin Kudu domin nazarin zanen shanun da ke jikin duwatsun garin, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude. A nan ya lura da wasu duwatsu waɗanda in aka buga su da ƙaramin dutse sukan ba da amo kamar na kuge. Jikinsu duk ƙananan ramuka ne, alamar cewa an daɗe ana kaɗa su. A 1956 ya wallafa bayaninsu, masana suka shiga neman irinsu a wasu ƙasashe. Duwatsun suna nan har yau, amma kiɗan ya tafi da masu shi. Babu mai iya faɗin wane ne gwanin makaɗan, ko wace waƙa ce ta riga wata.

Wannan rashi bai tsaya kan duwatsu ba. Masu sha'awar kiɗa a Turai da Amurka suna da wata tsohuwar gardama: wace ƙungiya ce ta fi daɗewa tana jero faifai masu kyau, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ta yi tuntuɓe ba? In aka kawo wannan tambaya majalisar dattawa a Zandam ta ƙasar Gwaram, ba za a rasa sunaye ba. Za a ambaci Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata, wani ya ƙara da Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa. Inda magana za ta tsaya shi ne in aka ce a jero ayyukan kowa bisa shekarun da aka yi su. Kwatanta ɓangarorin biyu yana nuna abin da ke riƙe ƙungiyar kiɗa a kan ganiyarta, da kuma abin da Hausawa suke gab da rasawa.

Yadda Turawa suke lissafinsu

Gardamar ta fi zafi a kan salon da suke kira progressive rock, wato kiɗan rok mai dogon tsari, wanda ya bunƙasa a Ingila daga ƙarshen shekarun 1960. Galibi ana ɗaukar faifan King Crimson na farko, wanda ya fito a watan Oktoba na 1969, a matsayin mabuɗin salon. Masu wannan kiɗa sun ƙi waƙar minti uku da gidajen rediyo suka saba da ita. Fuska ɗaya ta babban faifan garmaho tana ɗaukar minti ashirin da 'yan kai, sai suka riƙa shirya waƙa ɗaya da za ta cika fuskar, tana sauya kiɗa da sauri daga gaɓa zuwa gaɓa. “Echoes” ta Pink Floyd minti 23 ce. Jethro Tull kuwa a 1972 waƙa ɗaya suka shimfiɗa a fuskokin faifai biyu.

Jerin da aka fi ambata shi ne na Pink Floyd: Meddle a 1971, The Dark Side of the Moon a 1973, Wish You Were Here a 1975, Animals a 1977, sai The Wall a 1979. Faifai biyar cikin shekara takwas, mutum huɗu ne suka yi su. Na 1973 ya yi mako 741 a jerin faifan da aka fi saye a Amurka tsakanin 1973 da 1988. Ƙungiyar Yes ta jero uku cikin shekara biyu kacal, daga The Yes Album zuwa Close to the Edge na 1972. Genesis ta jero huɗu daga 1971 zuwa 1974.

Abin lura shi ne yadda kowane jeri ya yanke. Mai gangar Yes, Bill Bruford, ya bar ƙungiyar da zarar an gama Close to the Edge. Jagoran waƙar Genesis, Peter Gabriel, ya tafi a 1975, salon ƙungiyar ya fara sauyawa. A Pink Floyd, rikici ya kai ga fitar da mai piyano Richard Wright ana tsakiyar aikin The Wall, Roger Waters kuma ya fice a 1985. Ƙungiyar Rush ta Kanada ce ta bambanta, domin mutum ukun da suka haɗu a 1974 su ne suka ci gaba tare har zuwa rangadinsu na 2015, kuma masoyanta suna ƙirga mata faifai biyar a jere daga 1976 zuwa 1981. Mafi yawan lokaci ba basira ce take ƙarewa ba, zaman tare ne yake lalacewa.

Narambaɗa da ubangida ɗaya

Makaɗan fada na ƙasar Hausa sun riga Turawan nan sanin waƙa mai dogon zango. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano ya bayyana tsarinta a littattafansa: akwai gindin waƙa da ake komawa gare shi, akwai ɗiyan waƙa da jagora yake jerowa, akwai 'yan amshi masu karɓa da masu ƙari, sannan ga makaɗa. Waƙar fada aikin taro ce, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali ta ƙasar Isa, shi ne misalin ƙungiyar da ta zauna inuwa ɗaya. Makaɗin kotso ne na Sarkin Gobir na Isa Amadu Bawa, wanda ya yi sarauta daga 1935 zuwa 1975. Fada ce take ciyar da shi da yaransa, ta ba su dawakai da tufafi da hatsi, saboda haka ba su da bukatar bin kasuwanni. Wannan kwanciyar hankali ce ta ba su sukunin zama su tace waƙa kafin su fito da ita gaban sarki. Bakandamiyarsa, wadda a cikinta ya yi wa kansa da sana'arsa kirari, ita ce manazarta suke ɗauka ƙololuwar aikinsa.

Narambaɗa ya rasu wajen farkon shekarun 1960, tun ubangidansa yana kan gado, wato jerinsa bai yanke don rikici ko rashin mai riƙo ba. Matsalarsa ta daban ce. Ya yi yawancin rayuwarsa kafin na'urar ɗaukar sauti ta yawaita a Arewa, don haka abin da ake ji a yau ɗan abin da aka samu ɗauka ne a ƙarshen rayuwarsa.

Ɗanƙwairo da ƙungiyar gida

Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, shi ne ya fi kusa da abin da Turawa suke nufi da ƙungiya. Gadon kiɗa ya yi. Ya fara a ƙungiyar mahaifinsa, ya yi amshi a ƙarƙashin yayansa Kurna, kafin ya zama jagora. Da ya kafa tasa, 'ya'yansa da danginsa ne ginshiƙanta. Duk wanda ya saurari waƙoƙinsa da kunnen basira zai ji cewa jagora ba ya ƙarasa magana shi kaɗai. Yakan fara, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa, wani lokaci su kasu kashi biyu suna miƙa wa juna, kotsanni suna bin sawu. Irin wannan ba ya yiwuwa sai an zauna an maimaita, kuma sai mutanen da suka shekara da shekaru suna jin numfashin juna.

Jarrabawar wannan ƙungiya ta zo ranar 15 ga Janairu 1966, lokacin da sojoji suka kashe Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, wanda Ɗanƙwairo ya yi wa wasu daga cikin shahararrun waƙoƙinsa. Makaɗin da ya rasa irin wannan ubangida zai iya dushewa. Ɗanƙwairo bai dushe ba. Ya ci gaba da yi wa sarakuna waƙa, cikinsu har da Sarkin Kano Ado Bayero, wanda ya hau gado a 1963, da Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya hau a 1966. Ya ƙara shekara 25 yana aiki bayan rasuwar Sardauna, kuma masu sauraro ba su ce murya ta faɗi ba. Ubangida ya sauya, amma mutanen da ke bayansa ba su watse ba, domin zumunci ya ɗaure su kafin sana'a. Bayan rasuwarsa ma 'ya'yansa sun ci gaba da kiɗan.

Shata da dogon zango

In tsawon shekaru ake nema, babu wanda ya kamo Mamman Shata. An haife shi a Musawa a 1923, ya zauna a Bakori da Funtuwa da Kano. Sunansa ya game ƙasa bayan Bikin 'Yan Sarki da aka yi a Kano a 1952, kuma bai daina waƙa ba sai da ciwo ya kwantar da shi gab da rasuwarsa a watan Yuni na 1999. Wannan ya haura shekara arba'in, wato ya ninka zangon Pink Floyd sau biyar. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988, yana tsakiyar aikinsa.

Tsarin Shata ya saɓa wa na Ɗanƙwairo. Shi nan take yake ƙirƙirar ɗiyan waƙa, masu kalangu su riƙe kiɗa, 'yan amshi su riƙe gindi ɗaya ba su sauya shi. Nauyin ƙirƙira yana kansa, amma ba don wannan gindi da ba ya motsi ba, da bai samu sukunin yin yawo da magana yadda yake so ba. Kuma bai jingina da fada ɗaya ba. Ya yi wa sarakuna, ya yi wa 'yan kasuwa da direbobi da sojoji da mata, ya yi wa kumbon Apollo 11 da ya sauka a kan wata a 1969. Faɗuwar mai gida ɗaya ba ta iya tsayar da shi.

Rediyo ne ya zame masa fada ta biyu. Gidan rediyon Kaduna, wanda gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe a 1962, ya kai muryarsa garuruwan da bai taɓa taka ba. Mutanen Zandam da Gwaram da Birnin Kudu, waɗanda suke cikin Jihar Kano har zuwa ƙirƙiro Jigawa a 1991, ta akwatin rediyo da kaset suka fi saninsa, kamar sauran manoma da makiyayan Arewa. Kamfanin EMI, wanda ya fitar da faifan Pink Floyd a Landan, reshensa na Nijeriya ya fitar da na Shata.

Abin da ya rage a yi

Nan ne bambancin ya fito fili. A bayan mafi yawan faifan Pink Floyd ko Genesis an rubuta shekarar fitarsa da sunan wanda ya kaɗa kowane abu. Saurayin da aka haifa bayan watsewarsu zai iya bin ayyukansu daki-daki ya ga inda suka hau da inda suka sauka. Waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo kuwa sun bi ta faifai zuwa kaset, daga kaset zuwa memori da wayar hannu. A kowane mataki ana kwafa ne daga kwafi, sauti yana raguwa, bayanin da ke tare da shi yana ɓacewa. Mai tura waƙoƙi a tasha zai zuba wa mutum ɗaruruwansu a cakuɗe, ta ƙuruciya kusa da ta tsufa, babu shekara, babu sunan ɗan amshi ko ɗaya.

Waƙar baka tana da tata wahalar kuma. Shata ya rera Bakandamiyarsa a lokuta daban-daban, kowane karo da abin da ya ƙara ko ya rage, don haka waƙa ɗaya tana iya zama ayyuka da yawa. Abin da manazarta suke yi shi ne neman shaida a cikin waƙar kanta. Wadda aka yi wa Sardauna yana raye ba ta wuce Janairun 1966 ba. Wadda ta kira Bashar da sarautar Daura ba ta riga 1966 ba. Ta Apollo ba ta riga 1969 ba. Littafin Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka wallafa a 2006, ya tattara tarihin mawaƙin daga bakin waɗanda suka zauna da shi, kuma ayyukan Gusau sun adana matanin waƙoƙin fada masu yawa.

Saura aikin da ba ya jira: a nemo tsofaffin faifai da tef na gidajen rediyo a mayar da su na kwamfuta, a zauna da 'yan amshi da makaɗan da suka rage a tambaye su wace waƙa aka yi a wane gari, a bikin wa, da su wa aka yi ta. Yawancinsu sun manyanta. Su ne suka riƙe waɗannan ƙungiyoyi har suka yi dogon zangon da ake alfahari da shi, kuma su kaɗai ne za su iya jero ayyukan bisa tsari. In suka tafi ba a tambaye su ba, jikokin masu sauraro za su gaji sauti mai daɗi da ba a san farkonsa da ƙarshensa ba, kamar yadda mutanen Birnin Kudu suka gaji duwatsunsu.