Wasannin bidiyo na gida: Bunƙasa da durƙushewa

Na'urar wasan bidiyo ta farko da aka riƙa haɗawa da akwatin talabijin a gida ita ce Magnavox Odyssey, wadda ta shiga kasuwa a Amurka a shekarar 1972. Injiniya Ralph Baer, haifaffen ƙasar Jamus, shi ne ya jagoranci ƙirƙirar ta.

A wannan shekarar ce kuma Nolan Bushnell da Ted Dabney suka kafa kamfanin Atari a jihar Kalifoniya. Wasansu na Pong, mai kama da ƙwallon tebur, ya samu karɓuwa a wuraren shaƙatawa, inda ake jefa tsabar kuɗi a cikin akwati kafin a yi wasa.

Zamanin Atari

A shekarar 1976 kamfanin Warner ya sayi Atari a kan kimanin dala miliyan 28. Bayan shekara guda aka fitar da na'urar da daga bisani aka sani da Atari 2600, a kan dala 199.

Abin da ya jawo mata farin jini shi ne, wasannin na zuwa ne a cikin kaset da ake iya cirewa a sa wani. Ciniki ya ƙara haɓaka a 1980, sa'ad da aka kawo mata wasan Space Invaders na kamfanin Taito na Japan.

Sai dai kuma Atari ba ya bayyana sunayen masu tsara masa wasanni. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa huɗu daga cikinsu suka fice suka kafa Activision a 1979. Bayan da kamfanonin biyu suka sasanta a shari'ar da ta shiga tsakaninsu, sai ƙofa ta buɗe ga duk mai son yin kaset.

Faɗuwar 1983

Kafin a ankara, kantuna sun cika da wasanni marasa inganci, ga kuma na'urori iri-iri masu gogayya da juna. A ɗaya gefen, farashin kwamfutocin gida irin su Commodore 64 na ta sauka.

Shi kansa Atari ya yi tuntuɓe. Wasan Pac-Man da ya fitar a 1982 ya samu ciniki, amma ya sha suka saboda bai kama ƙafar na asali ba. Shi kuwa wasan E.T., wanda aka gina a kan fim ɗin Steven Spielberg, an tsara shi ne cikin kusan makonni biyar domin a riski cinikin Kirsimeti. An buga miliyoyin kaset, aka mayar wa kamfanin da yawa daga ciki.

A shekarar 1983 Atari ya yi asarar sama da dala miliyan 500. A watan Satumbar shekarar kamfanin ya binne dubban ɗaruruwan kaset a wani juji da ke garin Alamogordo a jihar New Mexico. Mutane da dama sun ɗauki labarin a matsayin almara, har sai da aka tona wurin a watan Afrilun 2014 aka tarar da su.

An ƙiyasta cewa cinikin wasannin gida a Amurka ya faɗo daga kimanin dala biliyan 3 zuwa kusan dala miliyan 100 a 1985.

Nintendo ya farfaɗo da kasuwa

Kamfanin Nintendo, wanda ya soma da sana'ar katin karta a birnin Kyoto a 1889, ya fitar da na'urar Famicom a Japan a watan Yulin 1983. A 1985 ya shigar da ita Amurka da sunan NES.

Kamfanin ya ɗauki darasi daga abin da ya samu Atari. Ya sanya wa na'urar wani makulli na lantarki da ke ƙin karɓar kaset ɗin da bai amince da shi ba, ya kuma taƙaita wa kamfanoni wasanni biyar a shekara. Wasu sun zarge shi da babakere, amma masu saye sun sake amincewa da kayan.

Wasan Super Mario Bros. na Shigeru Miyamoto ya sayar da fiye da kwafi miliyan 40, yayin da aka sayar da na'urar kanta kusan miliyan 62.

Gasar Sega da Sony

Kamfanin Sega ya ƙalubalanci Nintendo da na'urar Mega Drive a 1988, da kuma wasan Sonic a 1991. Gasar ta kawo wasanni masu nuna zubar da jini, kamar Mortal Kombat, abin da ya sa 'yan Majalisar Dattawan Amurka suka yi zaman jin bahasi a 1993. A 1994 masana'antar ta kafa hukumar ESRB mai ƙayyade shekarun da suka dace da kowane wasa.

A wannan shekarar ce Sony ya fitar da PlayStation mai amfani da faifan CD, wadda aka sayar da fiye da miliyan 100. Nintendo ya yi asara da na'urar Virtual Boy ta 1995, Sega kuwa ya daina ƙera na'urori a 2001 bayan da Dreamcast ta kasa kai labari.

Abin da ya rage

Tsofaffin wasannin sun koma kayan tarihi masu tsada. A 2021 an sayar da wani kaset na Super Mario Bros. da ba a taɓa buɗewa ba a kan dala miliyan 2.

To amma wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta wallafa a 2023 ya nuna cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa. Masu adana tarihi na son a ba ɗakunan karatu damar nuna su ta intanet domin bincike, kamfanoni kuwa na cewa hakan zai tauye haƙƙin mallakarsu.