Daga Kano Zuwa Tamale: Tarihin Nisa Da Tsawon Tafiya

1.0 Gabatarwa

Tsakanin filin jirgin sama na Kano da na Tamale, a arewacin Gana, akwai tazarar kilomita 1,000 da 'yan kai idan an auna a miƙe. Jirgi mai gudun kilomita 800 a sa'a zai iya cinye ta cikin sa'a ɗaya da rabi. Wannan takarda za ta dubi yadda aka riƙa yin wannan tafiya a da, da yadda jirgin sama ya sauya ta.

2.0 Zamanin Fatauci

A ƙarni na 19, fataken Kano, musamman Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sukan ɗaura wa jakuna kanwa da tufafi da fatu su nufi Gwanja sayen goro. Ayari yakan ƙetare kogin Kwara, ya ratsa Bargu, ya biyo ta Sansanin Mango da Yandi har Salaga, wadda ke kudu maso gabashin Tamale. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci har shekara. Madugu ne shugaban tafiya, jagaba kuma shi ke gaba.

A wancan zamani da zango ake ƙidayar nisa, wato inda ayari ke yada kaya ya kwana. Da yake wasu fatake sukan zauna su yi aure a irin waɗannan wurare, sai zanguna suka zama unguwanni. Shi ya sa har yau ake kiran unguwannin baƙi a Gana "zongo", kuma Hausa ta zama harshen kasuwa a cikinsu.

Salaga ta fara rauni bayan da Turawan Ingila suka ci Asante a 1874, sannan yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa 'yan kasuwarta. A 1907 Turawa suka mayar da Tamale hedikwatar Arewa, sai harka ta koma can.

3.0 Zuwan Jirgin Sama

Jirgin sama ya fara sauka a Kano a 1925. Filin Tamale kuwa a 1940 aka samar da shi domin jiragen soja, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Daga baya ya koma ɗaukar fasinja zuwa Akara. Ta mota tafiyar ta kai kilomita 600 ta Kumasi, yini guda cur. Ta sama kuwa kimanin kilomita 440 ce, sa'a ɗaya kacal.

A 2016 aka tsawaita titin saukar jirage zuwa mita 3,400. A watan Agusta na shekarar alhazai suka tashi daga Tamale kai tsaye zuwa Madina, tazarar kilomita 4,600 cikin kimanin sa'a shida. Kakanninsu da suka bi ta Cadi da Sudan a ƙasa sukan share shekaru kafin su dawo. An buɗe sabon ginin fasinja a 2023.

4.0 Kammalawa

Jirgin sama ya rage wahala da haɗarin 'yan fashi, ya kuma sauƙaƙa aikin hajji. Sai dai jinkirin ayari ne ya yaɗa Hausa, domin dole bafatake ya yi ciniki da mutanen kowane zango, har kalmominsa suka shiga harsuna irin su Dagbani. Fasinjan jirgi yakan wuce ta saman Bargu da Yandi bai gaisa da kowa ba. Don haka mai nazarin Hausar Gana zai fi samun asalinta idan ya bi zangunan hanyar goro ɗaya bayan ɗaya.