Fagge, Zangon Bayan Ganuwa

Fagge tsohon zango ne a bayan ganuwar Kano, daf da Ƙofar Wambai. Masu tarihi sun ce tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa Buzaye ke sauke raƙumansu a nan.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, sai babban ciniki ya koma bayan gari. Kwara suka kafa kantunan tufafi a Kantin Kwari. Baƙi suka yi ta kwararowa, 'yan dako da teloli da direbobi, har ɗakin haya ya yi wuyar samu. Ko da aka jawo ruwan famfo daga Calawa cikin 1931, gidaje da yawa sai sun saya wurin 'yan garuwa. In damina ta sauka kuwa, kududdufai su cika, sauro ya hana barci.

Da dare samari kan tafi silima kallon fim ɗin Indiya. Malamai suka yi ta faɗa, dattawan birni suka riƙa tsare 'ya'yansu daga Waje. Amma da gari ya waye, can ɗin dai kowa ke zuwa neman abinci.

Silimar Wapa ta daɗe da mutuwa, sunanta ya saura ga kasuwar 'yan canji.