Risibar motar wasa mai rimot

Risibar motar wasa wata ƙaramar na'ura ce da ake sakawa a cikin motar wasa mai rimot domin ta karɓi saƙon rediyo daga rimot ɗin da ke hannun mai tuƙi, ta miƙa shi ga sassan da ke juya sitiyari da sarrafa gudu. A tsofaffin motoci na shekarun 1970 da 1980, irin waɗanda kamfanin Tamiya na Japan ya ƙera, ba a haɗa risiba a cikin kwalin motar. Mai saye ne ke nemo ta daban ya haɗa da hannunsa, kuma masu farfaɗo da waɗannan motoci a yau suna maimaita wannan aikin.

Tarihi

Tamiya ta fitar da motarta ta farko mai rimot, Porsche 934, a shekarar 1976. Grasshopper da Hornet sun biyo baya a 1984, shekarar da kamfanin Associated na Amurka ya fitar da RC10. Rediyon wancan lokaci yawanci yana aiki ne a kan mita 27 MHz, sai kuma 75 MHz a Amurka da 40 MHz a ƙasashen Turai da dama. Ana zaɓar tasha ta hanyar cusa kiristal guda biyu masu lamba ɗaya, ɗaya a rimot ɗaya a risiba. Idan mutum biyu suka yi karo a tasha ɗaya, rimot ɗin wani yakan ja motar wani, shi ya sa ake ɗaura ƙyalle mai launi a kan eriya don nuna tashar kowa. Tun daga tsakiyar shekarun 2000 tsarin 2.4 GHz ya maye gurbin kiristal, inda ake ƙulla risiba da rimot guda ɗaya kawai.

Wayoyi da ramuka

Rami na 1 a jikin risiba na sitiyari ne, na 2 kuma na totur. Sitiyarin yana juyawa ne da sarbo, wato ɗan ƙaramin inji mai hannu da ke tsayawa a kusurwar da aka umarce shi. Kowane filogi yana da waya uku: ta saƙo, ta fositif da ta negatif. A tsarin Futaba launukansu fari, ja da baƙi ne, a na JR kuma ruwan lemu, ja da ruwan ƙasa, kuma a duka biyun jar wayar ce a tsakiya. Amfanin haka shi ne ko an juya filogin baibai, yawanci abin ya ƙi aiki ne kawai. Tsofaffin filogin Sanwa da Airtronics ba su bi wannan jeri ba, don haka cusa su kai tsaye a sabuwar risiba na iya ƙona sarbo ko risibar kanta. Sai an zare wayoyin an sake jera su tukuna.

Wutar lantarki

A nan ne tsohuwar mota ta fi bambanta da sabuwa. Babban batirinta na NiCd ne mai ƙwaya shida, bolt 7.2, alhali tsohuwar risiba tana buƙatar tsakanin bolt 4.8 zuwa 6. Motocin farko suna ɗaukar wani akwati daban mai batir AA huɗu domin risiba. Daga baya aka samu BEC, da'irar da ke rage wutar babban batir ta ciyar da risiba.

Sarrafa gudu ma da sarbo ake yi a da. Sarbo na biyu yana tura wani hannun ƙarfe a kan faranti mai matakai, ragowar wutar kuma tana ƙonewa a cikin wata farar resista ta tangaran mai zafi ƙwarai. Wannan tsari yana da haɗarin da aka daɗe da sani: idan batir ɗaya ke ciyar da inji da risiba, ya kuma yi sanyi, sarbon kan tsaya a inda yake, motar ta ci gaba da gudu ba mai iya tsayar da ita. Saboda haka da yawa sukan cire shi su saka na'urar ESC, wadda ake cusa filoginta a rami na 2, ita ce kuma ke ba risiba wuta. Idan an yi haka dole a cire akwatin AA, domin ba a haɗa wa risiba tushen wuta biyu. Masu son motar ta zauna yadda ta fito daga masana'anta sukan bar tsohon tsarin, amma bai dace da batirin LiPo ba, tunda ba ya yanke wuta kafin batirin ya zube fiye da kima.

Eriya da gwaji

Ba a yanke eriyar 27 MHz ko a naɗe ta, domin tsawonta na cikin lissafin risibar. Ana zura ta cikin siririn bututun roba, nesa da wayoyin inji. Tartsatsin injin Mabuchi 380 ko 540 yana dama saƙon AM, shi ya sa ake liƙa masa ƙananan kafasita da dalma. Wajen gwaji ana ɗora motar a kan wani abu tayoyinta na lilo, a fara kunna rimot kafin mota, wajen kashewa kuma a fara da motar.