Agogo Sarkin Aiki: Tarihin Lokaci a Kakuri

Kafin zuwan Turawa, kakanninmu da rana da kiran salla suke auna lokaci. In mutum ya ce a haɗu da hantsi ko bayan la'asar, magana ta ƙare. Jirgin ƙasa ne ya fara karya wannan al'ada, domin shi ba ya jiran kowa. Hanyarsa ta isa Kano a 1911, a 1917 kuma aka ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna. Babbar tashar jirgin tana kudu da kogi.

Amma lokaci bai zama kuɗi sosai ba sai da masaƙu suka zo. A 1957 Gwamnatin Jihar Arewa, tare da kamfanin David Whitehead na Ingila, ta buɗe Kaduna Textiles a Kakuri. Daga baya Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo sahu, sa'an nan a 1975 Peugeot ya fara harhaɗa motoci. Aiki ya zama na kamba-kamba, dare da rana, wanda ya makara kuwa a yanke masa albashi. To, ka ga ashe agogon hannu ya zama abokin neman abinci.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana cikin ma'aikatan wata masaƙa a nan. Da aka biya kuɗin Udoji a 1975, abokansa suka sayi babur da rediyo, shi kuwa ya sayi agogon Omega, ƙirar Siwizalan. Mutane suka yi ta mamaki, don kuwa kuɗin sun isa sayen keke fiye da ɗaya. Ya riƙa cewa babur na tsufa, amma agogon kirki sai dai a gāda.

Abin lura shi ne, a daidai lokacin nan irin wannan agogo ya fara shiga uku. A 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogo mai batir, wanda ya fi na wani kiyaye lokaci, daga baya kuma ya fi shi araha nesa ba kusa ba. Kafin ƙarshen shekarun 1980, kusan kashi biyu cikin uku na ma'aikatan agogo a Siwizalan sun rasa aiki. Kakuri ma ba ta tsira ba. Faɗuwar naira daga 1986, da rashin wutar lantarki, da atamfar fasa-ƙwauri suka durƙusar da masaƙu. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007.

A shekarun nan na wahala mun sayar da kujeru da keken ɗinki, amma Baba ya hana a taɓa agogon, ko da yake babu sauran jiniyar da ke kiransa aiki. Yau yana hannuna, kullum da safe sai na wana shi. Dillalai sun taya da tsada, na ce albarka.

Siwizalan ta farfaɗo da sana'arta, ta mai da agogon wani kayan alfarma. Mu fa, me muka yi da tamu? Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, mu nemi tsofaffin masaƙa da suka rage a Kakuri da Makera da Nasarawa, mu rubuta abin da suka gani tun suna raye. Allah ya sa mu dace.