Littattafan Manaƙibu: Ba Karama Kaɗai Ke Cikinsu Ba

Duk wanda ya taso a unguwar nan ya san daren Mauludi, in malam ya fara jawo labarin waliyyai zaure ya yi tsit. Abin da yake karantowa shi ake kira manaƙibu, wato rubuta rayuwar bawan Allah, halayensa da karamominsa. Yau kuwa an rabu biyu: wasu samari na cewa duk tatsuniya ce, wasu dattawa kuma ba ka isa ka tambayi ko harafi ɗaya ba. Ni dai ina ganin kowane ɓangare ya yi gaggawa.

Aikin ya daɗe. Abu Nu'aimi na Isfahan, wanda ya rasu a 1038, ya tara tarihin ɗaruruwan bayin Allah a Hilyatul Auliya, yana kawo kowane labari da isnadinsa, kamar yadda ake yi wa hadisi. Amma ba duka littattafan ne nauyinsu ɗaya ba. Shehu Abdulƙadir Jilani ya rasu a Bagadaza a 1166, shi kuwa mai Bahjatul Asrar, littafin da ya fi yaɗa karamominsa, a Masar ya zauna, ya rasu a 1314. Bai ga Shehun ba, ji ya yi. Shi ya sa malamai irin su Zahabi da Ibnu Rajab suka yi magana a kan wasu labaran ciki, alhali suna girmama Shehun. Jawahirul Ma'ani kuwa, Ali Harazimi ya rubuta shi Shehu Tijjani yana raye.

Mu dawo gida. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, ya rubuta Raudul Jinan a kan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817. Giɗaɗo ya zauna da Shehu, ya san gidansa ciki da bai. Akwai karamomi a littafin, ƙwarai kuwa. Sai dai abin da ya fi kama ni shi ne sunaye. Ya jera iyalan Shehu, almajiransa, da waɗanda suka yi masa hidima, mutanen da ba don shi ba da tuni an manta an taɓa yin su. Masu binciken tarihin Daular Sakkwato, har da waɗanda ba ruwansu da karama, sun sha ɗiba daga nan.

To a nan gizo ke saƙa. Malaman da suka biyo fataken goro da shanu suka kafa makarantun allo a unguwar nan, wa ya rubuta su? Sai dai ka ji an ce "wani malam ya taɓa yin kaza", ba garinsu, ba sunan malaminsa, ba shekara. Kwanan baya na tambayi wani dattijo wa ya koyar da limaminmu na farko. Ya yi shiru, can ya ce wanda ya sani an kai shi makwanci bara.