Aikin Injiniyan Injina a Tashoshin Lantarki na Kogin Kaduna

Kogin Kaduna, wanda ya raba birnin Kaduna gida biyu ya bar unguwanni irin su Unguwar Boro a kudancinsa, shi ne ke juya injinan tashar Shiroro a Jihar Neja. An buɗe tashar a 1990, da injina huɗu masu ba da megawat 600 gaba ɗaya. Gaba da ita, a kan kogin dai, akwai ta Zungeru mai megawat 700.

Injiniyan injina shi ke kula da farfelar da ruwa ke juyawa, da ƙofofin dam, da man da ke hana gaɓoɓin inji zafi. Da damina ruwan kan zo jawur da yashi, yashi kuwa cin ƙarfe yake a hankali. Dole lokaci-lokaci a tsai da inji, a shiga cikinsa da fitila, a yi walda, a goge. Aiki ne na mai haƙuri.

Ana koyon fannin a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, sannan a yi rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya.